An Ce Za A Ƙona Mini Jijiyar Baya, Ƙafafuna Ba Za Su Shanye Ba Kuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makaranta ne, shekarata 54. Shekara shida ke nan ina fama da ciwon ƙugu. Ko minti ashirin ba na iya yi a tsaye gaban allo, in na ɗago daga ruku'u kuwa sai in ji kamar an soka mini wuƙa, amma da na zauna sai ya lafa. Yana sauka har bayan cinya, ba ya wuce gwiwa. Na sha magani, na je gashi, an yi mini ƙaho, duk shiru. Yanzu wani likita ya ce akwai aikin da ake ƙona jijiya da allura. Iyalina sun ce kada in kuskura, wai ƙafafuna za su shanye. Mene ne gaskiyar lamarin?

Wani mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ban ga laifin iyalinka ba, don duk Bahaushen da ya ji an haɗa "ƙona" da "jijiya" zai tuna sakiya ko lalas. Aikin da ake magana a kai daban ne. Likitoci suna kiransa rediyofirikwensi, ko RFA a taƙaice.

Ƙashin baya ƙasusuwa ne a jere, wani bisa wani. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi ta gaba, ta baya kuma ƙananan gaɓoɓi biyu, dama da hagu, waɗanda ake ce wa fasit. Suna cinyewa da shekaru kamar yadda gwiwa take yi. Kowace gaɓa tana da siraran rassan jijiya biyu masu kai saƙon ciwo zuwa laka, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa. Waɗannan rassan ake nufa da allura. Manyan jijiyoyin da ke motsa ƙafa hanyarsu daban, kuma ba a taɓa su.

Za ka kwanta rub da ciki, idonka biyu. A kashe zafin fata, a shigar da allura ana kallonta a na'urar eksiray har ta sauka kan ƙashi, inda reshen yake kwance. Kafin a ƙona komai sai an saki wuta mai rauni don gwaji: in ƙafarka ta motsa, allura ta matsa kusa da babbar jijiya ke nan, sai a gyara mata zama. Dalilin da ya sa ba a sa ka barci mai nauyi ke nan, ana son ka faɗi abin da kake ji. In komai ya yi daidai, sai a ɗumama bakin allurar zuwa digiri 80 a ma'aunin Selsiyos na kimanin daƙiƙa 90. Wurin da ke ƙonewa bai fi ƙwayar wake ba. A ranar kake komawa gida.

Amma Malam, abin da na fi so ka riƙe ba ƙonawar ba ce, gwajin da ke gabanta ne. Babu hoton da zai iya tabbatar da cewa fasit ce ke yi maka ciwo, ko da MRI ne. Dattawa da yawa hotonsu zai nuna gaɓoɓi duk sun cinye, ga su kuma suna noma lafiya lau. Yadda ka kwatanta naka, yana tashi da tsayuwa da miƙewa, yana lafawa da zama, ba ya wuce gwiwa, ya yi kama da na fasit ƙwarai. Sai dai kama da wane ba ta wane. Hanya ɗaya ce ta sani: a ɗiga maganin kashe zafi kaɗan, irin su lidoken, a kan rassan nan, sannan ka tashi ka yi duk abin da ke tayar maka da ciwon. Ka tsaya, ka yi ruku'u, ka ɗago, ka riƙa rubuta ƙarfin ciwon daga sifili zuwa goma kowace awa. In ya ragu da aƙalla rabi, sannan ya dawo bayan maganin ya sake ka, an kama ɓarawo. Likitoci da yawa ma sai sun ga ragin kashi 80 cikin 100, kuma su maimaita gwajin wata rana, saboda kimanin mutum ɗaya cikin uku gwajin farko yakan nuna masa sauƙin da ba na gaskiya ba. Ina roƙonka kada son a yi maka aikin ya sa ka ce ka ji sauƙi alhali ba ka ji ba. Kanka za ka cuta.

Bincike ma nan ya nuna. A 1996 an gwada aikin a Ostireliya kan mutum 24 masu ciwon wuya bayan hatsarin mota, waɗanda aka tace su da gwaji sosai. Waɗanda aka ƙona wa jijiya sun kai kimanin kwana 263 kafin rabin ciwon ya dawo, waɗanda aka sa wa allura ba tare da ƙonawa ba kuwa kwana 8 kacal. A 2017 kuma wani babban bincike a Holan, mai mutum 681 masu ciwon baya, bai sami wani ƙarin amfani na a zo a gani ba a kan motsa jiki kaɗai. Masana da dama sun soki binciken cewa gwaji ɗaya kawai aka yi wa mutanen, kuma salon sa allurar bai gamsar ba. Ni abin da na fahimta daga biyun shi ne, aikin yana da kyau ga wanda aka zaɓa da kyau, ga sauran kuwa asarar kuɗi ce. Ƙa'idar 2016 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ma ba ta yarda a yi shi ba sai bayan gwaji ya nuna sauƙi.

Kada kuma wani ya ce maka warkewa ce ta har abada. Gaɓar tana nan yadda take, ɗan aiken kawai aka tare, kuma jijiyar tana sake tohowa. Sauƙin yakan kai wata shida zuwa shekara, wasu su wuce haka, kuma ana iya maimaitawa. Mako ɗaya ko biyu na farko wurin yakan yi raɗaɗi kamar ƙunar rana, cikakken sauƙi sai bayan makonni. Shigar ƙwayoyin cuta, zubar jini ko taɓa babbar jijiya suna iya faruwa, amma da wuya a hannun wanda ya ƙware. Reshen da ake ƙonawa yana kuma kula da wata ƙaramar tsoka a gadon baya, don haka watannin sauƙin nan na komawa gashi da motsa jiki ne, ba na kwanciya ba.

Akwai ciwon bayan da wannan aikin ba ya yi wa komai. Wanda faifai ya danne wa jijiya, ciwo na tsarga masa har tafin ƙafa, maganinsa daban. A ƙasarmu kuma dole a fara kawar da zaton tarin fuka na ƙashin baya, da illar sikila, da dajin da ya bazu zuwa ƙashi. Zazzaɓi, gumin dare, rama, ciwon da ke tashinka daga barci, raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, kowanne daga ciki na asibiti ne da gaggawa.

Shekara shida kana shan magani ma abin dubawa ne. Diklofenak da ibuprofen suna cin ciki da ƙoda in an daɗe a kansu, tramadol kuwa kama mutum yake, saboda haka ka nemi a auna maka ƙoda. Ranar da za ka koma, ka sanar da likitan in kana shan maganin tsinka jini, ko kana da ciwon suga, ko an sa maka batirin zuciya. Ka tambaye shi sau nawa zai yi maka gwaji, ko da na'urar hoto zai yi aikin, da kuma mutum nawa ya taɓa yi wa. Ka tafi da uwargida ko babban ɗanka su ji amsar da kunnensu.