Amsa: Ciyawar tsakar gida da ke ƙonewa wuri-wuri

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kiri-kirin da ka shuka a gidanka na Samaru tana ƙonewa wuri-wuri, har da ƙarƙashin mangwaro, alhali kullum da yamma kana ba ta ruwa. Don Allah kar ka yi saurin sayen magani tukuna.

Je gefen wurin da ya bushe, ka kama ciyawar ka ja. In ta taso cikin sauƙi, saiwar a gutsure, to abin daga ƙasa yake. Tona kamar zurfin yatsa: ko ka ga gara da hanyoyinta na jar ƙasa, ko farar tsutsa mai kauri a lanƙwashe tana cin saiwa. A Zariya na fi zargin gara, musamman da rani, don duk inda aka bar busasshiyar ciyawa ko guntun itace nan take taruwa. Kwashe busasshiyar ciyawar da itacen, sannan a sa maganin gara a wurin kaɗai.

In kuwa saiwar na riƙe gam, ba ƙwaro mai cin saiwa ba ne. Ban ruwan yamma yana sa ganye ya kwana a jiƙe, cuta ta samu ƙofa, kuma yayyafin kullum ba ya barin saiwa ta nutsa. Koma ba ta ruwa da sassafe, sau 2 a mako, ta ƙoshi sosai. Sanyin hunturu ma kan sa ta yi fari-fari, zafi na dawowa za ta farfaɗo.

Ƙarƙashin mangwaro kam haƙuri za ka yi, kiri-kiri ba ta son inuwa. Turo mana hoton saiwar in ka tona.