Amsoshin Tambayoyinku: Karin Maganar da Muke Renon Yara da Su

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan yara suka taru, don haka na zaɓi guda huɗu na haɗa su wuri ɗaya.

Wani magidanci daga Gusau ya rubuto: "Malam, ni da maiɗakina mun saɓa. Ɗanmu mai shekara 7 ya fara ƙarya, ni kuwa ba na ɗaga masa ƙafa, bulala nake sa masa. Ita ta ce na cika zafin hannu. Na ce mata ai Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ka ƙi naka duniya ta so shi. Ba haka ma'anarsu take ba?"

Malam, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Karin maganar biyu ka kawo su daidai, sai dai ka ɗora musu kayan da ba nasu ba. Dubi aikatau ɗin da ke cikin ta farko. Bahaushe yana da karya, yana da sara, yana da fasa, amma duk ya tsallake su ya ɗauki tanƙwara. Ka taɓa tsayawa wurin mai kafa bukka? Yakan kafa ɗanyun itatuwa a ƙasa, ya kamo kan ɗaya ya janyo shi sannu a hankali. Da ya ji iccen ya fara ƙara a hannunsa sai ya sassauta, ya ɗan dakata, ya sake ja, har ya haɗa shi da ɗan'uwansa ya ɗaure da igiya. A yadda aka ɗaure shi, a haka zai bushe. In ya fizga da ƙarfi, ɗanyen ma tsagewa yake yi. Saboda haka abin da karin maganar ke faɗa shi ne a fara da wuri, kuma hannu ya daɗe a kan iccen. Babu bulala a cikinta ko kaɗan, mu ne muke sa ta.

Ta biyun cikakkiyarta ita ce: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Kalmar ƙi a Hausa ba kullum take nufin ƙiyayya ba. Muna cewa ya ƙi abinci, ya ƙi zuwa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ba wanda ya tsani kowa a nan. A fahimtata, ƙin da ake nufi shi ne ƙin biye wa yaro: ya so abin da zai cuce shi ka hana, ya yi laifi a waje ka ƙi goya masa baya. Son da aka yi gargaɗi a kansa kuwa shi ne wanda muke kira sangarta. Gata daban, sangarta daban. Ɗan gata shi ne wanda yake da mai tsaya masa, sangartacce kuwa shi ne wanda ba shi da mai kwaɓarsa. Yaro yana bukatar gata kamar yadda yake bukatar abinci.

Game da ƙaryar ɗanka, ina roƙonka ka lura da lokacin da yake yin ta. Yaro mai shekara 7 sau da yawa ba don mugunta yake ƙarya ba, tsoron abin da zai biyo bayan gaskiya ne. In ya fasa kofi ya faɗi gaskiya ya sha duka, gobe ya fasa faranti ya ce mage ce ya tsira, to ka riga ka koya masa darasi, amma ba wanda ka yi niyya ba. A nan ne Hausa ta raba tsoro da kwarjini. Uba mai kwarjini in ya yi sallama yara sukan nutsu, amma su rugo su karɓi ledar da ke hannunsa, ƙaramin ya riƙe masa riga yana ba shi labarin makaranta. Uban da ake tsoro kuwa, ƙarar babur ɗinsa kawai za a ji a ƙofar gida tsakar gida ta zama wayam. Na farkon shi ne yake sanin halin da 'ya'yansa suke ciki. Ita kanta kalmar tarbiyya da muka aro daga Larabci, tushenta yana nufin ƙaruwa da girma, kuma shi ne a cikin addu'ar da muke yi wa iyaye a Suratul Isra'i aya ta 24, inda muke roƙon Allah ya ji ƙansu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Maiɗakinka tana da gaskiya, ka saurare ta.

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: "Rarrashi ne daidai ko lallashi?"

Duka biyun Hausa ce, kuma ma'anarsu ɗaya. Musayar r da l abu ne sananne a tsakanin karuruwan harshen nan, kamar yadda wani zai ce harshe wani ya ce halshe. Ki rubuta wadda kika tashi da ita.

Wata matar aure daga Kano ta ce: "Malam, ɗana na fari yana da shekara 3. Ina kiran sunansa, ina wasa da shi, in ya yi kuka in rungume shi. Surukata ta ce ba ni da kunya, a zamaninsu uwa ba ta ko kallon ɗan fari a gaban mutane. Mece ce wannan kunyar, kuma na yi laifi ne?"

'Yar'uwa, surukarki ba ƙirƙira ta yi ba. Kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma tana da ƙarfi ƙwarai a wurin Fulani. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai ta ce "yaron nan" ko "wannan", ba ta yi masa wasa a gaban manya, wani lokaci uban ma haka. Irin wannan kunyar ita ake kira kara ko alkunya, wato mutum ya danne abin da yake so don girmama na gaba da shi. Ba rashin ƙauna ba ce, kuma bai kamata mu yi wa iyayenmu wannan fassarar ba.

Amma ki dubi gidan da al'adar ta tsiro a cikinsa. Babban gida ne, akwai kaka, akwai goggo, akwai matan baffanni. Abin da uwa ta janye, wasu hannuwa goma sun cike shi. Kaka ce take goya yaron, tana kiransa mijinta ko maigidanta, in mace ce ta ce kishiyarta, a yi ta wasan jika da kaka ana dariya. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara 2, ɗakin kakar ake kai shi, wani ma a can zai girma. Yaron bai taɓa rasa cinyar da zai hau ba. Yau ke da maigidanki kuna gidan haya, ciki da falo, shi yana fita tun safe. In kika yi wa yaron nan kara, wa zai rarrashe shi? Al'adar ta taho birni, amma mutanen da suke riƙe da ita ba su taho ba.

Ta fuskar addini kuwa babu abin da ya hana ki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Shawarata, a gaban surukarki ki ɗan rage, ki miƙa mata jikanta ta yi nata wasan, wannan girmamawa ce kuma ba ta rage wa yaron komai. In sunan wani babba a gidan ya ci, ki kira shi da Abba ko Baffa kamar yadda aka saba. A ɗakinki kuwa ki rungume ɗanki.

Ta ƙarshe daga wani malamin firamare a Maraɗi: "Muna koya wa yara cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wata abokiyar aikina ta ce wannan karin magana haɗari ce ga yara. Yaya kake gani?"

Malam, ina bayan abokiyar aikinka. Ma'anar karin maganar ita ce mutum ya iya riƙe magana, kada duk abin da ya ji ya fesar. Ga babba wannan hali ne na kirki, shi ake kira zurfin ciki in ya yi yawa. Kalmomin sirri da asiri duk daga kalma ɗaya ta Larabci suke, asiri ta shigo ne da "al" ɗin nan na Larabci manne a farkonta, kamar yadda labari da lokaci da laifi suka shigo. Rufin asiri kuwa yana daga cikin abin da Bahaushe ya fi roƙo a wurin Allah. To, mai cutar da yaro ya san wannan sarai, da shi yake aiki. "Sirrinmu ne, kada ka faɗa wa kowa." "In kika faɗa, babanki zai kashe ki da duka." Yaron da aka koya wa cewa shiru shi ne ladabi, kuma ya san in ya yi magana a gida tsawa zai sha, ya riga ya zama abin farauta.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu aikata abin ba baƙi ba ne, mutanen da yaran suka sani ne. Alƙaluman na Nijeriya ne, amma al'adar yin shirun iri ɗaya ce a tsallaken iyaka.

Don haka ku koyar da karin maganar tare da iyakarta: sirrin da yake sa yaro tsoro, ko ya shafi taɓa al'aurarsa, ko aka haɗa shi da kyauta ko barazana, ba a riƙe shi, ko wane ne ya ce a riƙe. Ku haɗa musu da wata wadda ta fi amfani ga iyaye da malamai, wato labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinyar da take da surutu ta koma shiru, yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, wanda ya ƙi zuwa aike wani shago ko wani gida da ya saba zuwa, duk magana suke yi. A zaunar da su a tambaya cikin taushi, ba a gaban jama'a ba.

Akwai kuma wata kalma da nake so mu sake dubawa. In abin ya faru mukan ce "an ɓata ta" ko "an lalata ta", sai aibin ya koma kan yarinyar kamar ita ce ta lalace. Wannan furuci yana cikin abin da ke sa iyaye su binne magana don gudun abin kunya. A ce an yi mata fyaɗe, ko an ci zarafinta, laifin ya tsaya a kan mai shi. In yaro ya buɗe baki ya faɗa muku, abin da zai fara ji ya zama "na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa mini". Daga nan sai asibiti ba tare da jinkiri ba, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, sannan a kai rahoto ga hukuma.