Atamfa ba ta bin hoton waya

Kin ce: "Maigida, wata ta kawo hoton doguwar riga a waya, na kwaikwaya daidai, amma da ta saka sai rigar ta tsaya mata kamar buhu. Ina na kuskure, kuma a ina tela ke samo salon kansa?"

Ɗiyata, tun kafin ki ɗauki almakashi kuskuren ya faru. Rigar da ke cikin hoton da yadi mai santsi aka yi ta, irin wanda ke zuba yana bin jiki, wani ma har da roba a cikinsa. Ke kuwa atamfa aka kawo miki. Atamfa auduga ce mai sitaci, ba ta miƙewa, ba ta zuba, inda kika ajiye ta nan take tsayawa. Duk siffar da kike so ta ɗauka, sai ke kin ba ta da yanka da tsukewa.

Fara da jiƙa ta a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki goge. Auduga takan ɗan ja baya a wankin farko, kuma gara ta ja tun tana turmi. Turmi yadi 6 ne, wajen mita biyar da rabi, doguwar riga mai hannu da ɗankwalinta za su fita idan zanen ƙanana ne. Idan manyan furanni ne, ki shimfiɗa shi duka a tebur ki duba inda fure zai faɗa. Kada ya sauka a kan nono ko a tsakiyar mazaunai, kada kuma na gaba ya kalli sama na baya ya kalli ƙasa. Daidaita zane yana cin yadi, ki gaya wa mai kaya tun da wuri.

Awo kuwa, ƙirji da ƙugu da mazaunai kowa na ɗauka. Wanda masu koyo ke tsallakewa shi ne daga kafaɗa zuwa kan nono, da daga kafaɗa zuwa ƙugu, gaba daban baya daban. A kan waɗannan ake zaunar da pens, wato 'yar tsukewar da ake ɗinkewa don riga ta bi siffar jiki. Bakin pens ya tsaya santimita 2 zuwa 3 kafin kan nono. Idan ya kai har can, sai rigar ta yi tsini. Ki ƙara santimita 4 zuwa 6 a ƙirji, kusan haka a mazaunai, domin matar nan za ta hau babur zuwa kasuwa, za ta yi ruku'u da sujada. Ki bar rarar santimita 2 a ɗinkin gefe, ranar da za a ce a buɗe. Hammata kuma kada ki zurfafa da sunan ba ta sarari. Hammata mai zurfi ita ke sa riga ta tashi gaba ɗaya idan an ɗaga hannu.

Kafin keke, ki harhaɗa da allurar hannu, manyan taku, ki kira ta ta gwada. Atamfa tana riƙe ramin allura, abin da kika farke yakan bar tabo. A keke, allura lamba 14 ta ishe ki, shadda mai kauri sai 16. Zif da kike gani yana lanƙwasa kamar maciji, jan yadi aka yi lokacin ɗinki. Ki manna siririn gam, wato ƙyallen da ake liƙawa don ƙarfafa yadi, mai faɗin santimita 2 a bakin kafin ki ɗora. Shafi kuma ki nemi na auduga. A nan garin Garwa na Kamaru, a watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, duk wadda kika yi wa shafin leda ba za ta dawo shagon nan ba.

Batun salo, ga makaranta kyauta tana zuwa miki kowace shekara. Ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, mata ke fitowa da atamfa iri ɗaya ta kamfanin CICAM, wanda masaƙarsa ke nan Garwa. Zane ɗaya, dubban riguna. Ki tsaya bakin hanya da ɗan littafi ki duba abin da ya bambanta su: wuya, hannu, inda aka yanke ƙugu, inda aka sa tattara. Ki zana wanda ya zauna, ki rubuta irin jikin da ya zauna wa. Haka a gidan biki da ranar Sallah. Ki kuma juya rigunan tsofaffi ciki waje ki ga yadda aka yi kalmasa da hannu, ki taɓa leppi, wato yadin saƙar hannu, na masaƙan garin Marwa ki ji nauyinsa. Ƙyalle ɗaya nasa a wuya ko bakin hannu ya isa ya canja riga.

Abu guda za ki riƙa canjawa a kowane ɗinki, kada ki tara hannu mai kumburi da duwatsu da tattara hawa uku a kan atamfa mai hayaniya. Rigar nan kuma ki kawo ta gobe da safe tare da littafin awonki, mu farke gefe mu sake zaunar da pens.