Muryar Yaya a guruf ɗin gida: Auta, tahi ka ci abincin 'yan Chaina

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta, na ji saƙonka tun La'asar, mutane ne sunka yi yawa a shago shi ya sa sai yanzu. Ka ce ogan wurin aikinku ya gayyace ku cin abincin dare ran Assabar a wurin nan na abincin 'yan Chaina, kana tambaya ko ka tahi ko ka nemi uzuri. Na kuma ga Anti ta rubuta a ƙasa wai kar ka kuskura, kare da maciji za a zuba maka, har da 'yan hotunan dariya.

Anti, Allah shi huci zuciyarki, amma wagga magana mu aje ta gefe. Akwai wasu yankuna can ƙasarsu da ake cin kare, ba ƙarya ba ne, sai dai galibinsu ba su ci. Kuma mutum shi zuba jarinshi cikin garin Shehu, shi buɗe gidan abinci, sannan shi kasa kare? Wa zai saya? Ina ma zai samo nama a garin ga in ba hannun mahautanmu ba? Ai ba nan gizo ke saƙa ba.

Abin da ya kamata ka sa wa ido daban ne. Mutanen nan alade ne naman su na yau da gobe, kusan rabin aladen da duniya ke ci su ke cinye shi. Can ƙasarsu in ka ga takardar abinci an rubuta nama kurum ba a hwaɗi na mene ne ba, to alade ne, wannan duk ɗan kasuwar da ke zuwa Guwanzo, babban birnin kasuwancinsu, ya san shi. Nan Sakkwato da wuya a aje maka shi a faranti. Amma akwai kitse da ake suya da shi, akwai romon ƙashi da ake zuba wa miya da taliya, su ne ido ba ya gani. Sai babbar, wadda mutanenmu ba su cika sani ba: giyar girki. Suna da wata giyar shinkahwa, Shawshin suke ce mata, sunan garin da anka hi sanin ta da shi. Da ita suke jiƙa nama da kihi don kashe ƙarni, kuma in kasko ya yi zahi a tsiyaya kaɗan ta gefe. A wurinsu kayan miya ce, mai girki bai ma ɗauke ta wani abu ba, don haka ba zai hwaɗa maka ba sai ka tambaya.

To ka tambaya. Kuma kar ka tsaya ga yaron da ke kawo faranti, shi komai ka ce "eh oga" zai ce maka. Ka ce shi je shi tambayo mai girki, ko shi kira maka shi: da wane mai kunka soya, romon na mene ne, kuna sa giya a girki? In sun ce suna sawa, ka ce naka a yi babu. Abincinsu ba tukunya guda ake dahwawa tun sahe a yi ta kwasa ba, kowane faranti sai an yi oda ake yin shi, a kasko mai zurhi bisa wuta mai ƙarhi, cikin 'yan mintoci an gama. Saboda haka cire abu guda ba wahala ba ne gare su. Sau da yawa ma in ka leƙa, mai girkin ɗan ƙasar nan ne ya koya a hannunsu, ka ga magana ta yi sauƙi. Kajin kuma ka ji ko yankan nan ne ko na kwali ne daskararru.

Baƙar miyar nan mai gishiri da za ka gani a 'yar kwalba bisa tebur, waken suya ne da alkama da gishiri anka bari sunka ruɓa, kamar dai yadda ake wa kalwa ta zama daddawa. Wajen ruɓar kan samu ɗan burbushin barasa a wasu, shi ya sa wasu kwalaben ke ɗauke da tambarin halal. Juya kwalbar ka duba. Hukuncin burbushin kuwa ka kai wa Baffa, shi ne mai littattahwai, ni ɗan kasuwa ne. Ƙaguwa da jatan lande dai a mazhabarmu ta Malikiyya ba su da laihi, abin da ke rayuwa cikin ruwa ne, in ranka ya karɓa ka ci.

Kuma Anti, bari in ƙara miki. Musulmin Chaina sun haura miliyan 20. Akwai ƙabilar Hui, akwai Uigur na yankin Shinjiyan. A Guwanzo akwai masallacin Huwaishen, yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar baki ɗaya. Unguwar Shiyawbe inda mutanenmu ke sauka, gidajen abincin Musulmi ne jere, da koren allo a ƙohwa da rubutun Larabci. Nan nike cin taliyar Lanjo. Yaro da 'yar farar hula zai ɗauko curin kwaɓin fulawa a gabanka, shi ja, shi ninka, shi buga a tebur, shi sake ja, kan ka ƙihta ido ya zama zare-zare a hannunshi, shi wurga cikin tahwasasshen ruwa. Sai a zuba romon naman sa, yankakken nama siriri, lawashi, da jan man barkono na yawo a sama. Wallahi in na tuna yawuna ke tsinkewa. Uigur kuma tsiren rago suke gasawa bisa gawayi. Mutanen da ke sallah suna azumi ne ke wanga girki, ai ba a yi musu kuɗin goro ba.

Abin da za ka yi oda kuwa, kar ka yi ƙarambani ranar farko. Soyayyar shinkahwa da ƙwai ko kaza, soyayyar taliya da ganye, naman sa da albasa da tattasai. Girkinsu tafarnuwa da citta da lawashi ne ginshiƙinshi, mu da ake loda buhunan albasa da tafarnuwa daga Goronyo da Wurno ai ba baƙon ƙamshi ba ne. In ka ga an rubuta tofu, awara ce, ita wadda yara ke sayarwa bakin makaranta, asalinta ma daga wurinsu ta hito, sai dai tasu ta hi taushi kuma cikin miya suke sa ta. Akwai wata kaza mai jan miya, sukari da ruwan tsami, zaƙi da tsami a haɗe. Ni ba ta burge ni ba, nama da sukari ba su haɗu a bakina ba, amma yara na son ta.

Abincin da anka rubuta Sicuwan a jikinshi, sunan wani yankinsu ne, yi hattara. Ba zahin barkono kaɗai ba ne, akwai wani ɗan ƙwaya da suke sawa, in ka tauna sai leɓɓanka da halshe su dinga zir-zir su mutu na ɗan lokaci. Ba guba ba ne, haka shike, kar ka tashi kana salati gaban oganka.

Sannan ba kowa da farantinshi ba. Ana jera kwanonin ne a tsakiya, wani wurin bisa gilashi mai juyawa, kowa shi ɗiba kaɗan shi sa a ɗan kwanonshi. Kar ka jawo kaza gabanka ka ce taka ce, kuma kar ka juya gilashin wani na cikin ɗiba. Tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, in ba ka iya ba ka ce a ba ka cokali, ba abin kunya ba ne. In kuma ka gwada, kar ka soke su tsaye cikin shinkahwa, a al'adarsu abin da ake wa mamaci ne, in akwai ɗan Chaina a teburin ba zai ji daɗi ba. Shayi za su kawo, koren ganye, ba sukari ba madara, da zahinshi ko da ana tsakiyar bazarar nan tamu. Sha kaɗan, shina wanke maiƙo.

Tunda oga ne zai biya, bar shi shi zaɓa, kai dai ka hwaɗi abin da ba ka ci tun kan a rubuta. Amma ranar da za ka koma da amarya da aljihunka, duba farashi kan ka nuna da yatsa, musamman kihi, don wasu wuraren da nauyi suke sayarwa, kuma faranti guda na isar mutum biyu. In ya yi saura ka ce a ƙulle maka a roba, ka biya ta gida ka kawo wa Anti ta ɗanɗana, in tana so ta hwara bincika ko da haƙorin kare a ciki. An kira Magariba, sai anjima. A gaishe min da Inna.