Amsar Gwaggo kan makero da askin wanzami

Salamu alaikum 'yata, ya jego, ya mai gidan? Na ga saƙonki. Kin ce makero ya fito wa babban yaronki a kai, gashin wajen ya zube ya yi fari-fari, Hajiya surukarki ta ce a bari ranar suna in wanzami ya zo askin jaririya sai a haɗa da shi, a aske a kankare wajen a shafa magani kamar yadda aka saba, ke kuma hankalinki bai kwanta ba, har kina tunanin ko a fasa askin ma gaba ɗaya.

Toh askin suna dai kar ki fasa. Sunna ce, ranar bakwai a yanka rago, a raɗa suna, a aske gashin, a yi sadakar azurfa daidai nauyinsa, kuma wanzamin gida yana da haƙƙinsa, uban sa ma ƙila shi ya yi wa mijinki aski. Abin da ban yarda da shi ba shi ne askar da ta hau kan mai makero ta sauka kan jinjirar kwana bakwai. Ki sa mijinki ya sayo sabuwar reza, a ɓare ta a gabanku, a fara da jaririya, a gama a jefar. Wanzamai da yawa yanzu sun san wannan, ba sa jin haushi. Kuma ba makero kaɗai ake gudu ba, aska ɗaya kan mutum da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta ma.

Shi makeron nan ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ko baki ba, ƙwayar cuta ce dangin funfunar da ke fitowa a burodi in ya kwana a leda, tana son zufa da ɗumi, tana cin fatar sama da gashi. Da mataji take yawo, da hula, da matashin kai, da tawul, da injin mai aski, har kyanwa da ɗan akuya da maraƙi suna sa wa yaro. Shi ya sa za ki ga ya fi yawa a makarantun allo inda yara ke kwana a tabarma ɗaya ana musu aski da aska ɗaya, wallahi abin na ci mini rai in na ga kawunan yaran nan. In yaro ya balaga na kai yakan yi sauƙi da kansa, shi ne mutanen dā suke cewa ai girma ne maganinsa, amma wa zai zauna jiran shekaru yaro na susa yana rarraba wa ƙannensa?

Maganar kankarewa kuwa dan Allah kar a yi. A da ana kankarewa har jini ya fito a goga toka ko tafarnuwa, yanzu kuma har baƙin batir da man birki ake shafawa, duk ƙona fata suke yi, wajen ya kumbura ya tara mugunya, in ya warke ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba har abada. Na kai yana cikin tushen gashi ne, abin shafawa ba ya kaiwa can, sai na sha. Ki kai shi asibiti, yawanci griseofulvin suke bayarwa gwargwadon nauyin yaro, ana sha kullum sati 6 zuwa 8, a ba shi bayan ya ci abinci mai maiƙo ko da madara don ya fi shiga jiki. Kar ki tsaya don kin ga wajen ya yi kyau a sati na biyu, nan ne mutane ke yin sake ya dawo. In na jiki ne mai zagaye kamar zobe, shi man clotrimazole yana yi, safe da yamma sati 2 zuwa 4. Amma ki kiyayi man nan mai haɗi uku da ake turawa mutane a kemis, akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi a ciki, sai ki ɗauka ya warke alhali yaɗuwa yake ta ƙasa.

Ki ware masa matajinsa da hularsa da tawul ɗinsa, ki wanke zanen gado da ruwan zafi ki shanya a rana sosai, ki duba kan sauran yaran gidan, kuma kar ya dinga kwanciya a shimfiɗar jaririya ko goga mata kai.

Ita kuma Hajiya kar ki yi mata musu a gaban mutane, kulawa ce ta sa ta faɗa, da abin da ta sani ta raini nata. Ki bar mijinki ya same ta su biyu ya ce likita ya hana taɓa wajen sai an gama magani, daga bakin ɗanta zai fi shiga. In ta ƙi ki faɗa min in kira ta, mu tsofaffi mun san yadda muke magana da juna. In sha Allahu zan zo tun ana gobe suna, ki ajiye min katin asibitin in gani.