Katin Kasuwanci Mai Ƙyale-ƙyale: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato ɗan katin nan mai ɗauke da suna da lambar waya da ake miƙa wa mutum bayan an gaisa. Masu buga kati sun cika Facebook da Instagram da hotunan sababbin samfura, na ƙarfe, na roba, na katako, har da masu siffar mota da takalmi, sai kowa ya fara jin nasa ya tsufa. Ga shida daga cikin tambayoyin, kowace da amsarta a ƙasa.

Ni tela ce a Zariya, kekena biyu da yarinya ɗaya mai koyon aiki. Na ga katin wata an yanka shi da siffar doguwar riga, ya burge ni ƙwarai. Kuɗinsa ya ninka na kati na yau da kullum, kuma da kuɗin zare nake shirin biya. Ina tsoron kada a raina ni in na miƙa kati marar ado.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba mai raina ki saboda kati. Matar da ta sa ɗinkinki ta je biki aka tambaye ta wa ya yi mata, lambarki kawai za ta nema.

Ga dalilin tsadar. Kafin a yanka kati da siffar riga sai an ƙera masa wuƙar yanka tasa ta musamman, kuma kuɗin wuƙar ɗaya ne ko ɗari za ki buga ko dubu. Mai ƙaramin oda irinki ita ke ɗaukar nauyin. Gaskiya ne katin yana ɗaukar ido, amma hannun rigar da wuyanta su ke fara lanƙwashewa a cikin jaka, mako biyu ya zama tsumma. Katin da aka saba, mai milimita 85 a tsawo da 55 a faɗi, kusan girmansa ɗaya da katin ATM, shi ya sa yake shiga walat ya zauna.

Ki buga wannan a kwali mai giram 300 ko 350. Takardar ofis giram 80 ce, sai ki gane bambancin. Ki ce kada a shafa wa bayansa leda, a ja miki layi uku: ranar karɓar ɗinki, abin da aka biya, abin da ya rage. Ba matar da za ta yar da katin da aka rubuta mata ranar karɓar kayan sallarta. In kina son ado, ki ɗora katin a kekenki ki bi gefensa da zare mai launi. Ba wani mai injin buga kati da zai yi miki irin wannan, kuma kyan hannunki ake gani a jiki.

Ina sayar da wayoyi a Farm Centre, Kano. Wani ya nuna mini hoton katin ƙarfe mai ruwan gwal, ya ce in biya duka a kawo mini guda dubu daga Legas. Ina so in fita daban da maƙwabtana.

Malam, kada ka biya. Zan daɗe a kan taka, don irinta ce ta fi damuna.

Katin ƙarfe yana da amfaninsa. Ba ya yagewa, ruwa ba ya ɓata shi, kuma mutum yana jin nauyin jefa shi a shara. Wanda ke ganin manyan mutane goma ko ashirin a shekara, kowace ganawa tana iya zama kwangila, to shi ya cancanci ya riƙe irinsa. Kai kuwa mutum nawa ke tsayawa a gaban shagonka daga safe zuwa magariba? Duk ranar da kuɗin kati ɗaya ya kai na cazar waya, za ka fara duba fuskar mutum da takalminsa kafin ka ba shi, alhali yaron da ka hana shi ne zai kawo maka abokansa biyar. Ba a rubutu a kan ƙarfe, ba ka da inda za ka sa farashin da kuka tsaya. Ga babbar matsalar: mutum zai zura shi a aljihu ɗaya da wayar da ka sayar masa, bakin ƙarfen ya karce gilashin.

Sannan ka sani cinikin biri a sama kake shirin yi. Yawancin hotunan da ake nuna muku a kwamfuta aka haɗa su, ba a taɓa buga katin ba. Ruwan gwal na gaske wani siririn fallen abu ne mai ƙyalli da ake dannawa a jikin kati da ƙarfe mai zafi. In ka shafa yatsa za ka ji ɗan gurbi, in ka juya shi a rana ya yi walƙiya. Na jabu tawada ce kawai. Injin buga takardu na yau da kullum launi huɗu yake gaurayawa, kuma babu yadda za a yi su fitar da ƙyallin gwal, sai dai ruwan ɗorawa mai duhu. Har ƙarfen ma wani lokaci roba ce aka shafa mata abin sheƙi. Ka ce a ɗora maka samfur a tafin hannu, wanda shi mai aikin ya buga da kansa. Ka ba da rabi kafin alƙalami, sauran sai kaya sun zo ka ƙirga. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, ka san da abin da yake ɓoyewa.

Guda dubu kuma na mene ne? Shago yana sauyawa, waya tana ɓata, kuma kowa ya ga yadda aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. Na taɓa shiga wani shago na tarar da kwali cike da katuna masu kyau, ƙura ta rufe su. Lambar wayar da ke jiki alƙaluma goma ce maimakon sha ɗaya. Mai bugawa ya tsallake ɗaya, mai shago bai karanta ba sai bayan ya biya. Ka fara da ɗari ko ɗari biyu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda matasanmu ke cinye jari tun kafin ciniki ya kankama. Yaro ya samu ɗan abin da iyaye suka haɗa masa, ko ubangidansa ya sallame shi bayan shekaru yana tsaron shago, sai ya fara da allon suna mai wuta, leda mai tambari, kati mai gwal, kanta kuwa rabi fanko. Mai saye ya zo neman waya iri kaza babu, ya wuce shagon gaba. A Kantin Kwari akwai dattawan da ake aiko musu kuɗi daga Agadas da Njamena a ɗaura kaya a mota, ba su taɓa buga kati ba, cika alkawari ne ya yi musu talla. Kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa. Kuɗin nan ka ƙara wayoyi biyu a kanta.

Tun da mun zo nan, bari in faɗi abin da ake rubutawa a jikin katin, don jabun ba a gwal kaɗai ya tsaya ba. Mai teburi ɗaya ya kira kansa shugaban rukunin kamfanoni na ƙasa da ƙasa. Wani ya lanƙaya wa kansa Dakta ko Injiniya bai karanta ba. Wani ya ƙirƙiri lambar rajista ya buga, alhali duk mai waya yana iya duba sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya ga ko da gaske ne. Wani har tambarin gwamnatin tarayya mai dawakai biyu yake sakawa don a ɗauka ma'aikaci ne, wannan kuma neman rigima ne da hukuma. Ku tuna 'yan damfara sun fi kowa kyan kati, kuma mutane sun gane haka. Ɗan kasuwar da ya ga jiya ya ga yau, in ka miƙa masa kati mai muƙamai huɗu a kan shago ɗaya, sai ya ƙara riƙe aljihunsa.

Ina so in buga baƙin kati, sunana kaɗai da ƙananan haruffa, babu lamba babu adireshi, don a ji ina da aji.

To wanda ya so aikinka ya neme ka a ina? Wannan ɓarnar kuɗi ce, ka bar ta. Baƙin kati ma da kansa yana nuna zanen yatsu, gefensa yana farfashewa fari ya bayyana, biro ba ya fita a kansa. Siraran haruffa farare a kan baƙi kuwa dattijo ba zai karanta ba sai da tabarau. Sa sunanka, sana'arka da lambarka da manyan baƙaƙe.

Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida. An ce in sa lambar QR, ko in sayi katin da ake ɗorawa a bayan waya ya buɗe shafina.

Hajiya, lambar QR, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, tana da amfani. Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta, yanzu kuwa tana iya kai mai saye kai tsaye zuwa WhatsApp ɗinki ba tare da ya rubuta lamba ba. Amma ki kiyaye. Kada ta gaza santimita biyu, ta zama baƙa a kan fari, a bar mata fili kewaye, kada a yi mata ado ko ƙyalli. Ki gwada samfurin da wayoyi uku kafin a buga sauran. Wasu shafukan suna ba da ita kyauta, amma ta hanyarsu take bi, bayan 'yan kwanaki su rufe sai kin biya, ki wayi gari da katunan da ba sa buɗe komai. Ki tabbata taki ta dindindin ce.

Katin da ake ɗorawa a waya, wanda ake kira NFC, ba kowace waya ke karanta shi ba, kuma guda ɗaya ake riƙewa, ba a raba shi. Mata da yawa cikin masu sayen kayanki ƙaramar waya mai madanni gare su, wasu kuma ba kullum suke da data ba. Duk abin da za ki ƙara, lambarki a rubuce ta kasance a gaba. Ki kuma yi tunani kafin ki buga kwatancen gidanki, don kati yana faɗawa hannun wanda ba ki sani ba. Sunan unguwa ya isa. Turara katin kafin ki ba da shi kuwa dabara ce mai kyau, kuma ba ta cin ko sisi, muddin ba ki bar man turare ya taɓa shi ba.

Zan je baje kolin Kanton a ƙasar Sin karo na farko. Wane irin kati zan tafi da shi?

Alhaji, na takarda, girman da aka saba, da yawa. A rumfunan baje kolin, wanda ake buɗewa a Afrilu da Oktoba, ma'aikatan kamfani sukan maƙala katinka a littafinsu su rubuta abin da kuka tattauna a ƙasa. Ƙarfe da roba ba sa maƙaluwa, mai siffar da'ira kuma ba ya shiga ma'ajin kati. Ka rubuta lambarka da +234 ka cire sifirin farko, ka ƙara adireshin WeChat, manhajar hira irin WhatsApp, don da shi suke hulɗa. Ka miƙa da hannu biyu, ka karɓi nasu haka, ka duba shi kafin ka adana.

Ina da shagon littattafan addini. Ina so a sa Bismilla da aya a saman katina don albarka, a kuma rubuta sunan shagon da ajami. Ya halatta in yi?

Malam, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka da alheri. Hukunci na malamai ne, ka tambaye su. Abin da na sani shi ne inda kati ke ƙarewa. Yana faɗuwa a ƙasa a taka shi, ana sakace da shi, ana wanke shi cikin aljihu, yara suna wasa da shi, ana shiga da shi banɗaki. Ba za ka so aya ta bi waɗannan hanyoyin da sunanka a jiki ba. Ka sa ta a bangon shagon, inda za a girmama ta.

Ajamin kuwa ina goyon baya, don akwai dattawa da almajirai da shi suka fi karantawa, kuma su ne masu sayen kayanka. Sai dai ka zauna kusa da mai zayyanar. Wasu manhajojin suna wargaza rubutun, haruffa su rabu da juna ko su juyo daga hagu, shi kuma bai san ya yi kuskure ba. Haka bokon ma. Yawancin salon rubutu masu lanƙwashe-lanƙwashe ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga an sa ɗan akwati a gurbinsu, ko a cire ƙugiyar a mayar da ƙasa kasa, ɗaki daki. Ka ce a buga maka guda ɗaya tukuna, ka kai wa wani wanda bai san shagonka ba ya karanta maka da ƙarfi, sannan ka sa shi ya kira lambar da ke jiki kana tsaye, ka ji ko wayarka za ta yi ƙara.