Muryar Anti a guruf ɗin matan Bronx, New York, kan hidimar Halowin

Salamu alaikum, barkanku da yamma. To ƙanwata, na ji saƙonki. Kin ce yara sun tasa ki gaba sai an saya musu kayan Halowin, bikin nan da yara ke yin shigar ban mamaki suna bi ƙofa-ƙofa karɓar alawa, ga haya ta zo, ga aikin maigida ya ja baya. Masu turo fatawa kuma don Allah ku ɗan saurara. Maganar halacci ku kai wa malam ranar Juma'a. Wadda ba ta yi ta kashe fitilar ƙofarta, ba yaron da zai buga mata, haka tsarin yake a Amurka. Ita baiwar Allah abin da ke cin ranta kar ɗanta ya shiga aji ranar 31 ga Oktoba kowa da shigarsa, shi kaɗai a rakuɓe. Ko ba haka ba ne?

To ki ji. Kar ki kuskura ki shiga shagunan nan da ke buɗewa a Satumba su ɓace a Nuwamba. Riga kamar leda, sawa ɗaya ta yage, kuma sanyin New York na ƙarshen Oktoba dole ki ɗora masa jaket a kai, wa ma ya gani? Ki leƙa Goodwill ko Salvation Army, gwanjo ne dai. Kai, ba sai kin je ba ma. Babbar rigarsa ta Sallah tana nan? Ki naɗa masa rawani, ki ba shi sanda, ya zama sarki. Macen ki sa mata farar shet ɗin babanta, ta zama likita. Shi ke nan.

Alawa kuwa, mu da ke gidajen bene ba kasafai ake buga mana ƙofa ba, yara shaguna suke bi a bakin titi, kamar dai 'yan tashe da azumi. Leda ɗaya ta Dollar Tree ta ishe ki, duk da su ma a ƙarshen 2021 suka bar dala ɗaya suka koma 1.25. Abin da za ki sa wa ido shi ne wadda suka kwaso. Ki zazzage a faranti ki karanta bayan leda, masu danƙon nan da yawansu akwai jelatin, galibi na alade. Ki ware. Ranar 1 ga Nuwamba kuma komai na faɗuwa rabin kuɗi, sai ki saya ki ajiye na baɗi. A'a, kayan sawa nake nufi, ki ɗauki mai ɗan girma. Alawa ba ta kai baɗi a gidan da ke da yara.

Sai kabewa, wadda ake fafewa a yi ado da ita a bikin. Ni nan ne raina ke ɓaci wallahi. Idan kina da katin EBT na tallafin abinci yana sayenta, tunda abinci ce, ban da ƙananan nan na ado. Amma kar ki fafe ta. Da an fafe, kwana kaɗan ta yi funfuna ta zube. Ki ba yara alƙalamin maka su zana mata ido da haƙora, ta kwana a taga, washegari ki fere ta ki yi miyar taushe. Ruwa-ruwa ce, ba ta kai tamu garɗi ba, sai kin ƙara gyaɗa. 'Ya'yan ki wanke ki gasa da gishiri. Akwai wata maƙwabciyata, shekarun baya, ta jera manya-manya a bakin ƙofa, ba ta ko taɓa su da wuƙa ba. Biki na wucewa na gan ta tana jan su zuwa shara. Na ce ki ba ni mana. Matar nan ta dube ni sama da ƙasa, wai ai na ado ne, ba a ci. Kabewa! Ba a ci! Ta gwammace ɓeraye su samu. Kuma ita ce mai zuwa aron albasa. Har yau in muka haɗu a lifta... to, a bar maganar.

Ki duba laburaren unguwarku, suna yawan shirya wa yara wasa kyauta a makon. Kuma wadda ke da rawani ko alkyabbar yara da ba ta amfani da su ta yi magana yanzu, kar a bari sai ana gobe.